Kano zuwa Gwanzu ta Adis Ababa a jirgin Ethiopian: awa nawa ne a gaskiya, kuma ya ci kuɗinsa?

Duk wanda ya ji kana zuwa Chaina saro kaya tambayarsa ba ta wuce biyu, nawa ne tikiti, kuma awa nawa ake yi a jirgi. Ta farkon dala ce ke juya ta, abin da na faɗa maka yau kafin jibi ya zama tsohon labari, don haka mu bar ta. Ta biyun nake so mu zauna a kai, don na lura kowa da amsar da yake bayarwa, wani ya ce awa 15, wani ya ce 26, wani ya ce maka ai kwana biyu ne cur, kuma duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya, kowa da inda ya fara ƙirga nasa. Ni dai jirgin Ethiopian nake bi, daga Kano in sauka Adis Ababa in canza zuwa Gwanzu, kuma tun yanzu in faɗa muku ra'ayina, hanya ce mai kyau kuma ina ba da shawarar a bi ta, amma dalilin da yasa take da kyau ba shi ne wanda yawancin mutane suke zato ba.

Mu fara da nisan. Da a ce akwai jirgin da zai tashi daga filin Malam Aminu Kano ya miƙe bai tsaya ko'ina ba sai filin Baiyun na Gwanzu, kilomita kusan 10,900 zai ci. Babu irin wannan jirgin na fasinja, dole ka yada zango a wani wuri. Ta Adis, zangon farko wajen kilomita 3,300 ne, na biyu kuma wajen 8,000, in ka haɗa ka sami 11,300 da ɗoriya, wato ƙarin bai fi kilomita 400 da wani abu ba akan miƙaƙƙiyar hanya, abin da jirgi zai cinye a rabin awa. Ga wanda ya taɓa zuwa Hajji ko Umara lissafin yana da sauƙi, Kano zuwa Jidda wajen 3,400 ne, to zangon Kano zuwa Adis kusan tafiyar Jidda ce, shi kuma na Adis zuwa Gwanzu ya ninka ta biyu har da saura. Kenan gaba ɗaya ka ɗauka ka je Jidda sau uku a jere har da ɗan ƙari, ba tare da ka kwanta a gado ba.

Akwai abin da ke rikita mutane in sun buɗe taswira a waya. Za ka ga Kano a nan, Gwanzu can dama, sai ka ja layi da yatsa ka ce ai Habasha ce a kan hanya. Taswirar waya shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa a dunƙule take. Ɗauki lemo ka ɗiga maki biyu a jikinsa da biro, ka ja zare tsakaninsu ka ɗaure shi tam, inda zaren ya kwanta nan ce gajeriyar hanya, kuma in ka mayar da ita kan taswira sai ka gan ta a lanƙwashe. Gajeriyar hanyar Kano zuwa Gwanzu arewa maso gabas take nufa, ta bi ta Chadi, ta ƙetare Bahar Maliya, ta wuce dab da Madina, ta bi ta wajen Bahrain, ta ratsa kudancin Iran da Pakistan, ta bi ta saman Delhi, sannan ta gangaro kudancin Chaina. Adis tana can ƙasa da wannan layin sosai. Shi yasa in kilomita kawai za a bi, Doha ta fi kowa, Kano zuwa Doha wajen 4,750, Doha zuwa Gwanzu wajen 6,200, haɗa ka gani, kusan daidai yake da miƙaƙƙiyar hanyar. Ta Alƙahira ma ta ɗan fi ta Adis gajarta, wajen 3,100 da wajen 8,000. Qatar Airways sun fara zuwa Kano a 2022, EgyptAir kuwa sun daɗe suna zuwa, kai jiragen da suka fara sauka a Kano a 1925, waɗanda su ne na farko a Najeriya gaba ɗaya, daga Masar suka taso, kwanaki suka yi a hanya suna yada zango, tafiyar da yanzu mutum zai karya a Kano ya ci abincin dare a Alƙahira.

To in haka ne me yasa nake bin Adis? Saboda bambancin kilomita 200 ko 400 ba komai ba ne a tafiyar da ta kusa 11,000, abin da ke cin lokacin mutum shi ne zaman jira tsakanin jirgi da jirgi. Ka ga hanya gajeriya a takarda amma an ajiye ka awa 9 ko 12 kana gyangyaɗi a kujerar ƙarfe, ina amfanin gajartar. Su Ethiopian sun tsara jiragensu ne rukuni-rukuni, na ƙasashen Afirka su taru a Adis da daddare, na Asiya da Turai su tashi wajen tsakar dare, da asuba kuma waɗancan su dawo, da hantsi na Afirka su watse. Kai da ka taso daga Kano da rana ka faɗa daidai cikin wannan tsarin, jiranka awa 3 ne zuwa 4. Wannan shi ne ainihin abin da kake saya da kuɗinka.

Zangon farko ba shi da wani labari mai yawa. Awa 5 ne ko ƙasa da haka kaɗan, za a ba ka abinci da abin sha, in ka ɗan runtsa ka farka an fara sauka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage suke kauce wa samaniyarta, don haka kar ka yi mamaki in ka ga layin da ke sikirin ya ɗan karkata kudu maimakon ya miƙe, wannan karkatar tana ƙara mintoci. Rabin jirgin dama namu ne, 'yan Kantin Kwari, 'yan Farm Centre masu waya, 'yan Sabon Gari, ga masu zuwa Dubai, ga masu raka mara lafiya Indiya, ga hajiyoyi masu saro atamfa da takalma, har da mutanen Maraɗi da Damagaram da suka shigo Kano don su hau. In tafiyarka ta farko ce ba za ka rasa wanda za ka bi bayansa ba, ka dai yi sallama ka tambayi na kusa da kai, Alhaji ina aka nufa, cikin mutum uku sai ka sami mai zuwa Gwanzu.

Filin Bole na Adis a kan tudu yake, sama da mita 2,300 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Abu biyu wannan yake jawowa. Na farko sanyi, da daddare akwai sanyi na gaske ko da ka baro Kano ana narkewa a watan Afrilu, musamman in a bas aka kwaso ku daga gindin jirgi, don haka rigar sanyi ta kasance a jakar hannu ba a akwatin da aka auna ba. Na biyu kuma iskar wajen ba ta da kauri, jirgi mai nauyi yana buƙatar doguwar gudu kafin ya ɗaga, za ka ji yana ta gudu a ƙasa har ka fara tunanin lafiya kuwa, lafiya lau ne haka wajen yake. Dalilin wannan tudun ne ma yasa jiragensu masu zuwa Amurka suke tsayawa shan mai a hanya, don ba za su iya tashi da cikakken tanki da cikakken kaya daga can ba, kuma yana cikin dalilan da yasa ƙasar ta ɗauko aikin sabon babban fili a garin Bishoftu, wajen da bai kai Adis tudu ba. Na Gwanzu dai baya tsayawa ko'ina, kilomita 8,000 ba ta fi ƙarfinsa ba.

Tunda duk jiragen a lokaci ɗaya suke haɗuwa, ka sa a ranka za ka tarar da jama'a, Afirka gaba ɗaya a waje ɗaya, ɗan Kongo, ɗan Mali, ɗan Zambiya, 'yan Chaina masu komawa gida daga wuraren aiki, kowa da yarensa. Za a sake binciken jakar hannu kafin ka shiga ɓangaren tashi, to shawarata kana sauka ka wuce ka gama da wannan layin tukuna, ka gano ƙofar jirginka a allo, sannan ka nemi wajen alwala da sallah da shayi. Kar ka tsaya kallon shaguna da farko. Akwatunanka ba ruwanka da su, tun daga Kano an yi musu tambarin CAN, wato lambar filin Gwanzu, sai can za ku haɗu, ka dai adana ɗan sitikan da aka manna maka a bayan tikiti. In kuma tsarin tafiyarka ya zo da dogon jira, daga awa 8 zuwa 24, kamfanin yana ba da otal da abinci, ka tabbatar da wannan a wajen ejan ɗinka tun kafin ka biya. Wanda ya shiga gari ya kula da abu ɗaya, mutanen Habasha suna da nasu ƙirgen agogo da yake farawa daga wayewar gari, ƙarfe 7 na safe a wajensu ƙarfe 1 ne, to in ka tambayi ma'aikacin otal yaushe mota za ta zo ka tabbatar da wane agogon yake magana. A filin jirgi da kan tikiti dai agogon da ka sani ne. Kofi kuma ka sha ko da ba ka saba ba, ƙasarsa ka zo.

Zango na biyu shi ne tafiyar. Awa 10 da 'yan mintoci, wani lokacin ya kusa 10 da rabi, a babban jirgi mai layin wucewa biyu, kamfanin yana da Boeing 787 da 777 da Airbus A350, su ne ma suka fara kawo 787 Afirka a 2012, A350 kuma a 2016. Jirgin yana gudun wajen kilomita 850 zuwa 900 a awa, a sama da kilomita 10 daga ƙasa, in ka raba 8,000 da wannan za ka ga kamar awa 9 da kaɗan ya kamata, sauran yana tafiya ne a hawa da sauka da bin layukan da aka shata wa jirage a sama, don ba a barin matuƙi ya miƙe yadda ya ga dama, musamman a samaniyar Chaina da soja ke riƙe da kaso mai yawa nata. Daga Adis za ku fita ta ƙahon Afirka, ku hau kan Tekun Larabawa ku yi awanni babu komai a ƙasa sai ruwa, ku shiga Indiya ta wajen Mumbai, ku ratsa ta ku fita ta wajen Kolkata, ku bi ta Myanmar, sannan Chaina. Ni taswirar nan ta sikirin ta fi mini duk finafinan da ke ciki, sai dai tana da cin rai, ka yi barci ka farka ka ga har yanzu ɗan jirgin yana tsakiyar shuɗi kamar bai motsa ba.

Yanzu ga inda rigimar awa 15 da 26 ta samo asali. Agogon Habasha yana gaban namu da awa 2, na Chaina yana gaban na Habasha da awa 5, jimla awa 7 tsakanin Kano da Gwanzu, kuma Chaina duk girmanta agogo ɗaya take amfani da shi. Lokutan da ke kan tikiti kowanne na garin da aka rubuta ne. A ce ka tashi Kano ƙarfe 2 na rana ranar Litinin, tikiti ya ce za ka sauka Gwanzu ƙarfe 4 na yamma ranar Talata. Mai ƙirgawa da yatsa zai ce awa 26. Cire 7, saura 19, wannan shi ne ainihin abin da ka yi daga tashi zuwa sauka, 15 da wani abu a sama, sauran a Bole. Mai cewa 15 zaman jirgi kawai ya ƙirga. Mai cewa kwana biyu kuma kalanda ya duba, ya bar gida Litinin ya kwanta a otal daren Talata. In kana son lissafin da jikinka zai yarda da shi, ƙara awa 3 da za ka riga jirgi zuwa fili a Kano, ƙara layin shige da fice da jiran akwati a Baiyun, ƙara hanyar shiga gari, za ka ga daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar ɗakin otal awa 24 ce ko fiye, wanda ya taso daga Katsina ko Gusau ko Zinder kuma ya ɗora tasa hanyar a kai.

Wannan lissafin ba don burgewa nake yinsa ba, kuɗi ne. Akwai wani ejan da ya taɓa yanka mana tikiti ni da abokin tafiyata, ya ce mana ai awa 15 ce kawai, ya kama mana otal daga ranar da muka tashi Kano, aka caje mu kuɗin daren da muke sama, sannan ya gaya wa mai tarbarmu ranar da ba ita ba, bawan Allah ya je fili ya yi ta jira. Ba mugunta ba ce, bai iya karanta tikitin da yake sayarwa ba ne, kuma irinsu suna da yawa. In ka ga +1 a gefen lokacin sauka, washegari ake nufi. Haka kuma jirgin da aka rubuta zai tashi 00:30 ranar Laraba, ranar Talata da daddare za ka je fili, wannan ya sa mutane da yawa sun rasa jirgin dawowa, sun zo ranar Laraba da daddare an ce musu ai ya tafi tun jiya.

Maganar sallah, tunda ita ce ke damun yawancinmu. In kana tafiya gabas rana gudu take yi, kun tashi tsakar dare amma bayan awa 3 zuwa 4 sai ka ga gari ya fara wayewa ta taga, alhali jikinka yana ce maka dare bai raba ba. Asuba tana zuwa da wuri kuma tana wucewa da wuri, ga shi an rufe tagogi an kashe fitila kowa na barci, in ba ka sa ido ba sai dai ka farka ka ga rana tsaka. Abin da nake yi shi ne in haɗa Magariba da Isha a Bole, in hau da alwala, in riƙa ɗaga murfin taga kaɗan ina dubawa, Azahar da La'asar kuma in haɗa su bayan an sauka tunda da la'asar ake isa. Hukuncin ƙasaru da jam'i da sallah a zaune kowa ya tambayi malaminsa kafin ya taso. Alƙibla ma tana juyawa, a Adis arewa za ka fuskanta don Makka tana samanta kusan a miƙe, a Gwanzu kuma yamma ce da ɗan karkata arewa, mu da muka tashi muna kallon gabas sai ka ji abin wani iri a ranar farko. Kuma don Allah 'yan'uwa a daina jiƙa banɗakin jirgi da sunan alwala, ɗan ƙaramin waje ne mutum ɗari uku ke amfani da shi.

Abinci ana bayarwa sau biyu a dogon zangon, bayan tashi da kuma kafin sauka, yawanci zaɓi ne tsakanin kaza da nama ko kifi, da shinkafa ko taliya, ga burodi ga ɗan kayan zaƙi. Ya wadatar, ba zan ce ya kai girkin gida ba amma babu abincin jirgin da ya kai. In kana so hankalinka ya kwanta ka sa ejan ya saka maka abincin Musulmi tun lokacin yankan tikiti, lambarsa MOML, ana so a nema aƙalla kwana biyu kafin tafiya, kuma wani daɗin shi ne naka ake fara kawowa. Ma'aikatan suna da fara'a da haƙuri, kuma sun saba da mu, sun san fasinjan da zai ce a ƙaro shayi sau uku. Kujera kuwa ka nemi ta bakin layi. Na san kowa taga yake so, amma a tafiyar awa 10 da rabinta duhu ne rabinta teku, abin da kake buƙata shi ne ka miƙe ka taka ba tare da ka tashi mutum biyu daga barci ba. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, sha ruwa da yawa, ka riƙa motsa ƙafa, ka sa takalmi mai sakewa don ƙafa tana kumbura, dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini su ga likita kafin tafiya saboda dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma magani a jakar hannu yake zama.

Baiyun babban fili ne, an buɗe shi a 2004, yana arewa da gari da wajen kilomita 30. Za a ɗauki hoton yatsu, a duba biza, wani lokacin a tambaye ka otal da tikitin komawa, to ka riƙe su a takarda, haka katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Dalilin takarda shi ne kana sauka WhatsApp da Google da Facebook sun daina aiki a intanet ɗin ƙasar, duk abin da ka ajiye a can ka ce in na isa na buɗe, to ka shiga uku. Ka sauke WeChat da Alipay, manhajojin saƙo da biyan kuɗi da ake amfani da su a can, tun a gida, ka sa a rubuta maka adireshin otal da rubutun Chaina. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa layi na 3 yana shiga gari daga filin, ga tasi ga Didi, manhajar kiran mota ta waya, yawancin namu unguwar Xiaobei ko Sanyuanli suke nufa inda 'yan Afirka suka fi yawa, akwai gidajen abinci na halal na Musulmin Chaina da na Larabawa da Turkawa, ranar Juma'a kuma za ka ga jama'a a masallacin da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas.

Abin da babu kamfanin da zai iya maka maganinsa shi ne barci. Ƙarfe 9 na safe a Gwanzu, lokacin da kasuwa ke shirin buɗewa, ƙarfe 2 na dare ne a Kano, jikinka kuma agogon Kano yake bi. Kwanakin farko za ka ga ido biyu har asuba, da rana kuma kana tsaye gaban mai kaya da kalkuleta kana hamma. A nan saukar la'asar take da amfani, in ka daure ba ka kwanta ba sai bayan Isha, ka sami barci mai kyau a daren farko abin yana zuwa da sauƙi. Wanda ya faɗa gado ƙarfe 5 na yamma zai farka 11 na dare, shi kenan ya ɓata satinsa. Ni dai bana sa cinikin manyan kuɗi a washegarin isa, zagaye nake yi in ga farashi, don mai jin barci yes kawai yake cewa.

Dawowa ta fi tsawo a sama amma ta fi sauƙi a jiki. Iskar da ke can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, tana tura ku in za ku tafi tana tare ku in za ku dawo, don haka Gwanzu zuwa Adis yana kaiwa awa 11, lokacin sanyi da iskar ke ƙarfi ya fi haka kaɗan, nisan kuwa bai canza ba ko da taku ɗaya. Ana tashi wajen tsakar dare, ku yi ta bin dare dare yana bin ku, duhu har Adis, ku sauka da asuba, da hantsi ku hau na Kano, da rana kana gida. A agogo kamar awa 12 ko 13 ka yi, ƙara 7 ɗin da ka ranta a tafiya ka ga kusan 20 ce. Tikitina jaka biyu yake ba ni, kowacce kilo 23, da ta hannu kilo 7, kuma a dawowa ne wannan ke zama magana, don duk wanda ya je Gwanzu sai ya ga abin da bai yi niyyar saya ba. Ka sayi ɗan sikeli na hannu ka auna a otal, kayan kasuwa kuma ka ba 'yan kago, kuɗin ƙarin kilo a kanta ba wasa ba ne a kowane jirgi. Fawa bank da batura a jakar hannu suke tafiya, ba a saka su a akwati.

In maki zan bayar, 8 cikin 10. Na ba su saboda daga Kano kake tashi ba sai ka sha hanyar Abuja ko Legas ba, jiran tsakiya gajere ne, lokacin isa yana da kyau, kuma kamfani ne da ya daɗe a harkar, tun 1946 suke tashi. Biyun da na riƙe na gajeren jiran ne shi kansa, don kaifi biyu gare shi, a tsari irin wannan in hazo ya riƙe jirgi a Kano lokacin hunturu, kuma kowa ya san yadda hazo ke yi da jirage a Disamba da Janairu, awa 3 ɗin nan za ta iya narkewa ka kwana a Adis. Saboda haka tikiti ɗaya za ka yanka tun daga Kano har Gwanzu, kar ejan ya raba maka shi biyu don rangwamen 'yan kuɗi kaɗan, in tikiti ɗaya ne kamfani ne zai nemo maka jirgi na gaba, in biyu ne kai ka sani. Kuma ka duba kalanda, lokacin baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu sau biyu a shekara tun 1957, Afrilu zuwa farkon Mayu da Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kujera da otal duk tsada suke, lokacin sabuwar shekarar mutanen Chaina kuma tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu masana'antu a rufe suke, ka je ka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Masu zuwa Yiwu kuma, garin nan mai babbar kasuwar sari a Chaina, ku tsaya ku yi lissafi kafin ku ce Gwanzu don kawai nan kowa ke sauka. Daga Gwanzu zuwa Yiwu akwai sauran kilomita sama da 900, wajen awa 2 a jirgin cikin gida ko awa 6 zuwa 7 a jirgin ƙasa mai gudu, bayan ka riga ka yi 19. Ethiopian suna zuwa Shanghai daga Adis, wajen kilomita 8,800, ƙarin awa ɗaya kenan a sama, daga can kuma Yiwu ba ta fi awa 2 a jirgin ƙasa ba. In kuma dole sai ka hau jirgin cikin gida a Chaina, tun ƙarshen Yunin 2025 ba a barin fawa bank da ba shi da tambarin 3C a jikinsa, a wajen bincike za a karɓe shi, to ka duba naka tun a Kano.